Madam ta ce "right", na karya dama, yanzu aikina na lilo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a ofishin wata ƙungiyar agaji a Abuja. Iyalina suna Zariya, mata ɗaya da yara biyu, kuma da albashin nan nake riƙe su har da mahaifiyata. Kafin na sami aikin, motar haya nake ja tsakanin Zariya da Kaduna, kuma ban taɓa yin haɗari ba, alhamdu lillahi. Turancina na sakandare ne, ina ji, ina mayarwa daidai gwargwado.

Kwanan baya aka haɗa ni da wata Baturiya 'yar Ingila da ta zo aiki, in kai ta wani taro. Ita ke duba taswira a wayarta. Da muka doshi wata mahaɗa, ni a sanina hagu za mu yi, sai na ce mata, "Left, madam?" Ta ce, "Right." Na yi mamaki a raina, amma na ce ai ita ke riƙe da taswira, sai na sa sigina na karya dama. Ashe nufinta "haka ne", wato in yi hagun. Muka hau babban titin da babu wurin juyawa sai an yi nisa, ga cunkoso, muka isa an riga an fara taro. Ita ba ta yi mini faɗa ba, amma shugaban sashen sufuri ya ba ni takarda in yi bayani a rubuce. Abokan aikina direbobi kuma sun laƙaba mini "Oga Rayit", duk inda na gifta sai dariya. Tun daga ranar, da na ji kalmar nan sai gabana ya faɗi. Ina tunanin in ajiye aikin in koma tasha tun kafin a kore ni da wulaƙanci. Don Allah ka ba ni shawara, kuma ka fayyace mini wannan kalma.

Wani direba, Abuja

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka ajiye aikin. Da wannan zan fara, domin shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Mutane huɗu na ci daga albashin nan ban da kai, kuma abin da ya faru bai kai a kori direba ba a ko'ina. Ba ka buge kowa ba, ba ka lalata mota ba, ba ka yi wa baƙuwa rashin kunya ba. Akwai ma abin yabo da ka yi wanda ba ka lissafa wa kanka ba: da ka gane an yi kuskure, ba ka yi ribas a kan babban titi ba, ba ka kuma haura hannun da ba naka ba don ka rage minti goma. Ka haƙura ka tafi har wurin juyawa. Direbobi da yawa a nan suke halaka kansu da fasinjansu, wajen gaggawar gyara ƙaramin kuskure.

Yanzu ga abin da ya faru a mahaɗar. Tambayar da ka yi irin wadda ake amsawa da "e" ko "a'a" ce. Turawa kuwa sun saba amsa "e, haka ne" da kalmar "right", ba tare da sun ma lura sun faɗe ta ba. A kowane wuri wannan ba ya jawo komai, sai a cikin mota, inda kalmar nan ɗaya ke iya nufin "ka yi daidai" ta kuma iya nufin "a'a, ɗaya gefen". Su kansu masu harshen suna faɗawa wannan rami a tsakaninsu, shi ya sa wanda ya goge da nuna hanya a mota yakan ce "yes" ko "correct". Saboda haka rabin kuskuren daga bakinta ya fito, kuma ina kyautata zaton ta san haka, shi ya sa ba ta yi maka faɗa ba.

Sauran rabin naka ne, kuma ba a Turanci yake ba. Ka sake karanta abin da ka rubuto mini: "ni a sanina hagu za mu yi", sannan "na yi mamaki a raina". Ka san hanya. Ka ji amsar da ta ci karo da saninka. Zuciyarka ta ɗaga maka hannu, ka danne ta saboda kana ganin bai kamata direba ya maimaita wa madam tambaya ba. Wannan ladabi ne da muka tashi da shi, na ba a ja da babba, kuma abu ne mai kyau a zaure. A bayan sitiyari kuwa kai ne mai alhakin motar da duk wanda ke cikinta, ko da minista ne. Da ka ƙara kalma huɗu, "Turn right, madam? Sure?", da yanzu ba ka rubuto mini ba. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara biya maka buƙatarka game da kalmar, don tsoronta ya fita daga ranka.

Abu na farko da zai taimake ka shi ne sanin cewa "hannun dama" ba ita ce uwar ma'anar "right" ba. A tsohon Turanci kalmar na nufin abu miƙaƙƙe wanda babu karkata a cikinsa. Daga nan ta ɗauki ma'anar daidai, gaskiya, abin da ya dace. Daga baya ne aka riƙa kiran hannun da yawancin mutane suka fi aiki da shi da wannan suna, wato hannun da ya dace a yi abu da shi. A makaranta akasin haka aka koya mana: an fara da "left, right" a filin fareti, har ta zauna mana a ka cewa ita ce asali. To ka juya lissafin. In ka ji "right" a bakin Bature, fara ɗaukarta a matsayin "daidai", sai in wata kalma da ke tare da ita ta nuna maka cewa gefe ake nufi.

Kuma kada abin ya zame maka baƙo, domin namu harshen ma haka yake yi da tasa kalmar. Kana cewa hannun dama, kana cewa "na sami dama", kana cewa "in ya ga dama", kana cewa "mutane da dama", kana cewa "jikin da dama-dama". Ba ka taɓa jin an ce "ba ni da dama yau" ka ɗauka mutumin ya rasa hannu ba. Kalmomin da ke kewaye da ita ne ke faɗa maka wacce ake nufi, tun kafin ka yi tunani. Abin da ya rage maka a Turanci shi ne sanin waɗannan maƙwabta.

Idan gefe ake nufi, kusan kullum za ka ji ta da abokin tafiya a gabanta. "Turn right", karya dama. "Take the next right", shiga kwana ta gaba da ke dama. "On the right" ko "on your right", abin yana gefen damanka, kamar a ce maka ginin da kuke nema yana dama da kai, wanda ba lallai ne ya zama umarnin shan kwana ba. "Keep right" kuma daban take da "turn right", kuma direbobi da yawa masu bin muryar Google Maps a nan suke ɓata. Ma'anarta ka riƙe hannun dama na titin, ko kuma in hanya ta rabu biyu kamar a hawan gadar sama, ka bi reshen dama. Ba a ce ka shiga wani layi ba. Haka "slight right" ɗan karkatawa ne kaɗan, "sharp right" kuwa kwana ce mai tsini wadda sai ka rage gudu sosai.

Idan kuwa "right" ce ta zo a gaba, sannan wata kalmar wuri ko lokaci ta biyo ta, to galibi ƙarfafawa take yi, irin aikin da "daidai" ko maimaita kalma ke yi mana. "Stop right here", tsaya daidai nan. Ba a ce ka koma dama ba, ko da yake a titinmu can ɗin za ka faka. "Right there", can daidai wurin. "Right behind us", yana bayanmu dab da mu. "Right in front of you", ga shi nan a gabanka ƙiri-ƙiri. "Right now" da "right away", yanzu-yanzu, maza-maza. Ka kula da "go right ahead" da "go right through", domin suna farawa kamar umarnin karya dama alhali ba shi ba ne. Ta farko na nufin ci gaba abinka, ta biyu na nufin ratsa ta ciki ka wuce, kamar in mai gadi ya buɗe ƙofa. Wanda ya ji "go right" ya murɗa sitiyari kafin a ƙarasa jimlar, zai iya shiga lambatu.

Akwai wuri guda da ko haifaffen Landan sai ya tambaya. In aka ce maka "right at the filling station", yana iya zama ka karya dama a gidan mai, yana iya zama wurin da kuke nema yana daidai gidan man. "Right after the bridge" haka: ko dai ka yi dama bayan gada, ko kuma da zarar ka wuce gada ka iso. Masu harshen suna rarrabewa da ɗan tsayawar numfashi da inda aka danna murya, amma cikin ƙarar inji da hon na 'yan tasi ba wanda zai dogara da wannan. Nan tambaya ce kawai magani, kuma ba gazawar kowa ba ce.

Sai wadda ta kama ka, wato "right" ita kaɗai ba rakiya. In amsar tambaya ce, "e" take nufi. In a farkon magana ta zo, daidai take da "to" ɗinmu: "Right, let's go", to, mu tafi. In a ƙarshe ta zo da ɗaga murya, "ko?" ce ko "ko ba haka ba?": "You know the place, right?", ka san wurin, ko? Sannan 'yan Ingila na amfani da ita wajen nuna suna saurare, yadda muke cewa "na'am, na'am" ko "haka ne". Wannan ka riƙe shi da kyau, domin za ka riƙa jin baƙo a kujerar baya yana waya yana ta "right, right, right". Ba da kai yake ba. Idonka a titi, kunnenka kuma sai an kira sunanka.

Biyu da ke kama da juna a kunne su ne "right away" da "right of way". Ta farko ka riga ka ji ta. Ta biyu kalmar dokar hanya ce, haƙƙin wucewa, wato wa ya kamata ya fara wucewa wa ya kamata ya jira. A shataletale a Najeriya, motar da ta riga ta shiga, wadda ke zuwa maka ta hagu, ita ke da "right of way". Ka ga a nan mai "right" ɗin ta hagu yake fitowa, domin ma'anar haƙƙi ce, babu ruwanta da gefe.

Wannan ya kawo ni ga wani abu game da baƙuwar taka. Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo baya a 1974, amma Ingila har gobe a hagu take, sitiyarinsu kuma a dama. A garinsu kwanar hagu ce mai sauƙi wadda ba a tsallaka hannun kowa, shataletale kuma ta ɗaya gefen ake zagaya shi. Mutumin da ya sauka daga can kwana biyu da suka wuce, ga gajiyar jirgi, ga taswirar garin da bai sani ba tana jujjuyawa a waya, shi ma yana iya rikita dama da hagu da bakinsa. Za ka ma ga wasunsu sun nufi ƙofar direba da niyyar zama a kujerar fasinja. Ina faɗa maka wannan ne don ka daina ɗaukar duk abin da ya fito daga kujerar baya a matsayin wanda ba ya kuskure. A titin Abuja ka fi ta sani, kuma ofishin ya ɗauke ka ne don wannan sanin.

Sauran ma'anonin ba za su sa ka ɓata hanya ba, amma tunda a ƙungiyar agaji kake za ka ji su kullum. "Rights" haƙƙoƙi ne, irin waɗanda ke Babi na 4 na Tsarin Mulkin 1999, da "human rights" da ake fassarawa da haƙƙin ɗan Adam. "All right" ba komai, lafiya lau. "Right Honourable" laƙabin girmamawa ne da ake sa wa kakakin majalisa. "Right wing" a siyasa masu ra'ayin riƙau ne, sunan da ya samo asali daga majalisar Faransa ta 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna dama da shugaban zaman. Kalmar rubutu, "write", furucinta ɗaya da "right" sak, harufa ne kawai suka bambanta. Ita ma "left" ba ta tsira ba: "he has left" ya tafi, "how much fuel is left?" mai nawa ya rage. 'Yan'uwanka direbobi na Maraɗi da Damagaram ma suna da irin nasu tarkon a Faransanci, inda "à droite" ke nufin dama, "tout droit" kuma miƙe sambal.

To amma haddace duk wannan ba shi zai tsare ka ba. Abin da zai tsare ka ɗabi'a ce guda da manyan masu sana'ar tuƙi na duniya suka koya da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo. Mutum 583 suka mutu. Cikin abubuwan da suka haɗu suka jawo haɗarin akwai ruɗanin magana ta rediyo: matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba, kuma cikin amsar da ta zo daga hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka akwai kalmar "OK", wadda ba ta fayyace komai ba. A cikin jirgin akwai injiniyan da ya yi shakka ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. Bayan wannan masifa aka tsaurara ƙa'idar magana a harkar jiragen sama, aka kuma fara horar da ma'aikata cewa na ƙasa ya faɗi shakkarsa ga na sama ba tare da jin nauyi ba. Har yau matuƙi yakan maimaita umarnin da aka ba shi da bakinsa, don wanda ya bayar ya ji ko an fahimce shi. Waɗannan mutane ne da suka ƙware a Turanci da tuƙi duka biyu, amma ba su yarda su dogara da "ai na ji" ba.

Kai ma ka ɗauki wannan. Duk umarnin kwana da aka ba ka, maimaita shi da cikakkiyar jimla kafin ka taɓa sigina: "Turning left, madam." "Turning right at the bridge, sir." Daƙiƙa biyu ce. In ka yi kuskure za a tare ka tun kafin taya ta juya. Sannan ka canza yadda kake tambaya. Daina cewa "Left?" ita kaɗai, domin ita ce ke gayyato "right" mai fuska biyu. Ka ce "Left or right?", wadda dole a amsa ta da gefe. Ka haɗa da hannu: nuna gefen da yatsa ta yadda na baya zai gani. In kuma amsar ta saɓa wa abin da ka sani, rage gudu ka ce, "Do you mean turn right? I think it is left." Babu rashin ladabi a ciki ko kaɗan. Matambayi ba ya ɓata, kuma Turawan da ka ke ɗauka sun fi sakin jiki da direban da ke tambaya a kan wanda ke cewa "yes madam" ga komai.

Ka kuma yi tambayar da wuri. Ba a bakin mahaɗa ake shawara ba, lokacin da na baya ke danna maka hon. Mafi kyau ma, kafin ka tayar da mota ka karɓi sunan wurin da unguwar, ka duba a wayarka, ka ce mata ga hanyar da za ka bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka yi haka, taswirarta ta zama mataimakiya, kai ne jagora. Titunan Abuja ba sa yafe kuskure, kwana ɗaya da aka ɓata tana iya cin kilomitoci kafin a sami mahaɗar dawowa, don haka minti biyu a wurin fakin sun fi araha.

Wani wuri da za ka kula shi ne in mai gadi ko ɗan sanda yana fuskantarka yana ba ka hannu, musamman wajen ribas. Damansa hagunka ce. In ya ce "right", hannunsa za ka kalla.

Game da takardar da aka ba ka, kada ka ɗauke ta a matsayin sallama. Neman bayani ne, kuma a yawancin ofisoshi rashin amsa ta a kan lokaci shi ne ke zama laifi na gaske. Ka amsa cikin wa'adin da aka ɗiba maka, a gajarce. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru: ka tambaya ko hagu ne, aka amsa da "right", ka fahimce ta a matsayin dama. Kada ka ɗora wa baƙuwar laifi, kada kuma ka rubuta cewa ba ka jin Turanci, domin ba gaskiya ba ne, kuma takarda ce da za ta zauna a fayil ɗinka. Ka ba da haƙuri a kan makarar, ka ce daga yanzu za ka riƙa tabbatar da hanya kafin tashi kana kuma maimaita kowane umarni. Wannan jimla ta ƙarshe ita shugaba ke nema, domin tana nuna masa abin ba zai sake faruwa ba. Ka sami wanda ka amince da shi ya duba maka rubutun, ka riƙe kwafi. Ka kuma ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta abin da ta ce game da gargaɗi da sallama, don ka san inda kake tsaye maimakon ka riƙa kwana da fargabar abin da wataƙila ba ya cikinta.

In baƙuwar ba ta koma ba, ka same ta a natse ka ba ta haƙuri da bakinka, ka ce mata a mota za ka fi so ta riƙa cewa "yes" ko "correct". Ina sa ran za ta karɓa hannu biyu, wataƙila ma ta yi wa shugabanka magana. In kuma ba ta yi ba, kai dai ka sauke naka.

Su kuma abokan aikinka, na san abin na ci maka rai, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. Namiji mai iyali ba ya son a mai da shi abin dariya a wurin neman abincinsa. Amma ka san halin zaman direbobi tun daga tasha: suna yana kama wanda ya nuna yana jin zafinsa. In ka amsa musu da fara'a sau biyu uku, ka wuce, zai yi sanyi. In ka ajiye aiki kuwa, labarin da zai rage a ofishin shi ne na direban da kalma ɗaya ta kora, kuma ka tafi ba takardar shaida mai kyau da za ka nuna a wani wuri. Ba na raina jan motar haya, sana'a ce da ta rufa wa dubban gidaje asiri, kuma in wata rana ka zauna ka yi lissafi ka ga ta fi maka, ka koma da ƙafarka. Komawa saboda kunya ce ban yarda da ita ba. Idan akwai dattijo cikin direbobin da kake ganin girmansa, ka ja shi gefe ka tambaye shi irin kalmomin da suka taɓa rikita shi da baƙi. Za ka sha mamakin abin da zai faɗa maka, kuma wanda ka nemi saninsa da wuya ya ci gaba da yi maka dariya.

Turancin kuma ka ci gaba da gina shi ta inda aikinka ke buƙata. Kunna muryar taswira a wayarka ko a hanyar da ka sani sarai, kamar daga ofis zuwa filin jirgi, don kunnenka ya saba haɗa abin da ake faɗa da abin da idonka ke gani. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Duk kalmar da ta shige maka duhu a bakin fasinja, rubuta ta in kun tsaya, ka tambayi wani a ofis kafin a tashi. Lokacin jira ya yi wa direban ofis yawa, ga shi nan ka sami abin yi da shi.

Ka rubuta amsar takardar nan yau da dare, ka miƙa ta gobe da safe kafin a fara rabon motoci. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, ka gaishe da mutanen Zariya.